Tsohon da Ke Neman Asalin Tsoro

Wanda ya kai ni Makka ya ce shagon ɗinki na can na jirana a unguwar Misfala. Wai Balaraben mai shagon har ya gaji da tambayarsa yaushe telan Kano zai iso, jallabiyoyi sun taru sun yi masa yawa. Ni kuwa da ma ba a yabon hannuna in zauna lafiya, nan da nan kaina ya kumbura. Muka yi Umara tare, muka yi aski, ya sauke ni a ƙofar wani ƙaramin masallaci ya ce in jira ya karɓo mukullin ɗaki. Fasfona yana aljihunsa, wai kada in yar da shi a cunkoso. A wurin na yi azahar, a wurin na yi la'asar. Ban ja masa Allah Ya isa a ranar ba, don na ɗauka mota ce ta buge bawan Allah. Sai da na waye na ja masa, kuma da babbar murya na ja.

Sunana Sabi'u, tela ne ni tun ina ɗan saurayi. Kekena na sayar, na saki shagon da nake haya, na kai Hauwa da yara gidan mahaifina, na cika wa kowa baki a unguwa cewa sai sun gan ni da haƙorin Makka. To ga ni a Makkar, ba fasfo, ba igama, wato katin zama, ba kuma wanda ya san sunana. Irinmu takari ake ce mana. Abin da ke jiran takari guda ne: askarawa su kama ka, su kai ka gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a kora, a sa ka a jirgi da kayan da ke jikinka. Ban ji tsoron yunwa ba kamar yadda na ji tsoron wannan, in koma in tsaya gaban Hauwa hannu rabbana.

Hancina ne ya cece ni. Washegari ina ta bulayi cikin lunguna masu hawa da gangara, ban ma san unguwar Tandabawi na shigo ba, sai na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji a kan wuta. Tsire! A Makka! Na bi shi har na tarar da wani dattijo baƙi da farar hula yana juya tsinkaye, Larabawa sun yi layi suna cewa a ba su sere. Na tsaya gefe ina haɗiyar yawu.

"Kai, ya walad, mi kaka kallo?" in ji shi. "In yunwa ta, taho ka ci. In sata ta, wallahi ba ka iya gudu a garin ga, duk hawa na."

Shi ne Kawu Usman. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Sakkwato bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce, 'ya'yansa kuwa in ka gaishe su da Hausa sai su yi murmushi su amsa da Larabci. Na ba shi labarina ina ci ina huci. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce ba ni ne na fari da aka ajiye a ƙofar masallacin nan ba. Ba zai iya ɗaukata aiki ba, don ana leƙa shaguna, amma ya ba ni wurin shimfiɗa a saman gidansa tare da wasu takari. Sannan ya shiga ciki ya fito da arabiya, keken nan da ake tura tsofaffi da marasa ƙarfi. Ta mahaifiyarsa ce, Allah Ya jiƙanta. Birkin gefe ɗaya ya mutu, ya ce in lallaɓa ta haka.

Wani Badamagare mai suna Ilu, wanda ya daɗe yana turi, shi ya koya mini aikin. Akwai masu turi na hukuma, da rigarsu da lambarsu. Mu na bayan fage ne, muna ɗauko alhazai daga masauki mu kai su Harami, in an sami sarari mu yi musu ɗawafi da Safa da Marwa, mu mayar da su. Ilu ya ce in sa kaya irin na alhazai, in riƙa motsa baki kamar mai addu'a, in bar waya a ɗaki don in an kama mutum ita ake fara dubawa a gano inda sauran ke kwana, kuma kada in taɓa gudu ko me na gani, don mai gudu ake gani. Babbar doka kuwa ita ce saki. In askar ya nufo ka, ka ja birki, ka saki hannu, ka narke cikin jama'a. Alhaji ba abin da za a yi masa, wani zai tura shi. In kuma alhaji ya faɗi ciwo a hannunka, nan ma ka ja birki, ka ɗaga murya a kira motar asibiti, ka ɓace kafin a taru. Abu na farko da za a tambaya shi ne wa ke tare da shi, na biyu kuwa ina igamarsa.

"Ba rashin imani ba ne, Sabi'u," in ji Ilu. "Shi yana da ƙasa da fasfo da jirgin komawa. Kai mi gare ka?"

Haka na shiga turi, shekaru suka ɗan tura. Na tura Turkawa masu nauyi, na tura tsofaffin Indunusiya da ko jin su ba ka yi a keke. Wani ya yi ta sa maka albarka har ka ji kunya, wani kuwa kana sauke shi ya ce ba haka aka yi da shi ba, ya shige masauki ya bar ka da gumi, ya san ba ka da inda za ka kai ƙara. Na sha saki, na sha narkewa. Amma jikina bai taɓa sabawa ba. Da na hango motar askarawa sai ƙafafuna su ƙi, wuyana ya ƙage, in tsaya ƙiƙam a inda nake. Ilu ya sha zagina a kan haka.

Kewar gida kuma ba ta zo mini ta inda na zata ba. Muryar yara a waya na iya jure ta, tambayar Hauwa ta "yaushe?" ma na koyi yadda zan kauce mata da wasa. Abin da ya fi karya ni shi ne in wuce shagon wani Bangali in ji keken ɗinki na tafiya. Sai in sami kaina a tsaye ina leƙe, ina jin haushin yadda yake kashe wuyan riga. Wata rana har na buɗe baki zan gyara masa, na tuna ni ba kowa ba ne a garin nan, na ja arabiyata na wuce.

A wani lokacin sanyi, da 'yan Umara suka cika gari, na gamu da Baba Sulaiman. Yana zaune a dakalin wani masauki can saman Misfala, dogon tsoho fari mai idon mage, ya ɗora falmaran ta ulu a kan jallabiya. 'Yan ayarinsu sun tafi Harami sun bar shi don ba ya sauri. Ya ɗago hannu ya yi mini magana da wani irin Larabci da ban taɓa ji a titi ba, na littafi tsantsa, da wasali da komai. Ni kuwa Larabcin kasuwa na iya, da ɗan abin da ya rage mini na Islamiyya. Na ce masa, "Ya Hajj, huɗuba za ka yi ko Harami za ka?" Ya gane, ya yi dariya har da tari. Daga ranar ya ce kada in nemi wani, in riƙa zuwa da hantsi in ɗauke shi, in mayar da shi bayan azahar.

Daga Bosniya yake. Ni har lokacin ban san akwai Turawan da suka gaji Musulunci kaka da kakanni ba. Na tambaye shi yaushe ya musulunta, ya ce in je in tambayi kakan kakansa. Larabcin a makaranta ya koya yana saurayi. Ba ya son a yi gudu da shi, ba ya kuma son a yi shiru. Komai ya gani sai ya tambayi sunansa da Hausa, ya maimaita, ya ɓata shi. Na kawo masa tsiren Kawu Usman, na gaya masa seren da mutanen Makka ke ci tsirenmu ne, sunan ma namu ne, kakanni suka zo da shi. Tabɗi! Ka ce kyautar mota na yi masa. Ya sa na yi ta maimaita kalmar, naman ya huce a hannunsa.

Falmaran ɗin nan kuwa ta tsaya mini a rai, don ɗinkin hammata ya fara zarewa. Aikin hannu ne, na mace, ƙananan ɗinki masu tsabta. Na ce ya ba ni in kama masa. Da ƙyar ya cire. Na zauna a inuwar masaukin da zare da allurar da ba na rabuwa da su, na bi sawun mai ɗinkin farko yadda ba za a gane ba. Da ya karɓa ya daɗe yana shafa wurin. Ya ce matarsa ce ta ɗinka.

Wata rana da hantsi muna gangarowa, daidai inda ake fasa dutse za a gina wani dogon otal, sai aka ji dum! Ƙasa ta ɗan girgiza, tattabaru suka tashi. Mu mun saba, ko waiwaye ba na yi. Amma tsoho ya sandare. Hannayensa suka damƙe ƙarfen kujera, idonsa a buɗe ba ƙiftawa, gorar zamzam ta faɗi daga cinyarsa ta gangara bai sani ba. Na yi ta "Ya Hajj! Ya Hajj!" Na ɗauka shanyewar jiki ce, har na fara duba lungun da zan bi. Can sai ya sauke numfashi ya ce ba komai, mu tafi.

Ba mu yi nisa ba sai ga motar askarawa ta shawo kwana a hankali, na gefen direba yana kallon mutane ɗaya-ɗaya. Nawa ya motsa. Arabiya ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ko sakin ma na kasa. Allah Ya rufa asiri suka wuce. Tsoho ya juyo da wuyansa ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ma?" ya ce.

Na ce, "Ni ma, ya Hajj."

Ranar ba mu shiga Harami da wuri ba. Ya sa na tura shi wata inuwa kusa da mai shayi, na tsuguna gefensa na gaya masa gaskiya, ba ni da takarda ko ɗaya. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce abin nan da ya kama mu, da yarensu sunansa strah. Harshena ya kasa jera baƙaƙen, ya sami damar rama dariyar da nake yi masa. Ya ce aikinsa ke nan har ya yi ritaya, koyar da asalin kalmomi, kuma wannan kalma ita ta cinye masa ƙuruciya.

Ga yadda na fahimce shi, in na yi kuskure laifin Larabcina ne. Ya ce su da mutanen Rasha da Poland da Sabiya da Bulgeriya da wasu da yawa, yarukansu uwa ɗaya ta haife su. Uwar ta mutu tun kafin su san rubutu, ba wanda ya taɓa ganinta a takarda. Masana na gane kamanninta ne in sun jera 'ya'yan sun duba. Wannan ban sha wahalar ganewa ba, don in yara sun shigo shago da kayan Sallah, ko ɗinkin ya bambanta na san waɗanda aka yanka daga bandir ɗaya. Ya ce to, 'ya'yan nan da wannan kalmar suke kiran tsoro, kusan ba bambanci, don haka ba shakka uwar tana da ita. Tambayar ita ce, ita uwar daga ina ta samo ta? Kalmominta da yawa ana iya bin sawunsu har can baya, wajen dangi na nesa. Wannan kuwa sawunta ya ɓace.

"Wasu sun ce daga sandarewa ta fito," in ji shi. "Akwai wasu dangi can arewa da ke da kalma mai kama da ita, ta ruwa in ya daskare. A garinmu da sanyi ruwa kan daskare a bakin indararo, ya yi tsini, ya tsaya. Suka ce haka mutum yake yi, kamar ni ɗazu, kamar kai. Wasu suka ce a'a, 'yar'uwar kalmar gadi ce, mai tsoro shi ne wanda ya buɗe ido yana tsaron wani abu. Akwai masu kai ta ga wata kalmar Rumawan da, ta rushewa, gari in an baje shi. Har da masu cewa rawar jiki ce kawai."

Na ce, "To wacce ce gaskiyar?"

Ya ce kowacce ka ɗauka, in ma'ana ta dace sauti ya ƙi, in sauti ya dace ma'ana ta yi nisa. Allah ne masani.

Haba! Raina ya ɗan ɓaci, wallahi. Na ce, "Ya Hajj, ka ƙarar da rayuwarka a kan kalma ɗaya, ba ka samo amsa ba, kuma aka bar ka kana koyar da yara? Ni in na riƙe rigar mutum haka ban gama ba, ai da 'yan sanda zai zo." Ya yi dariya sosai, ya ce to ni in gaya masa, tsoro na Hausa daga ina ya fito? Na ce nawa dai daga askar ya fito, na sauran Hausawa ban sani ba.

Da dariyar ta lafa ya zauna yana juya kofin shayi a hannunsa. Ya ce yana saurayi ya tsaya kai da fata a kan ma'anar gadi, har rubutu ya yi yana kare ta, yana yi wa masu cewa sandarewa kallon marasa zurfi. Sai yaƙi ya zo ƙasarsu, aka kewaye garinsu ana ruwan wuta daga kan duwatsu. Wata safiya ruwan gida ya ƙare. Shi ya kamata ya je layin ruwa, har ya ɗauki jarkoki, sai aka yi ƙara kusa da gidan, ya tsaya a bakin ƙofa ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Matarsa ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya zauna, ta karɓi jarkokin ta fita. Ba ta dawo ba. Ya ce tun daga ranar bai ƙara rubuta ko layi ɗaya a kan kalmar ba, don wanda ya tsaya a bakin ƙofar nan ba gadi yake yi ba.

Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar tsokanar da na yi masa. Na ce Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Kuma don kada in ci amanar mutumin da ya buɗe mini cikinsa, na gaya masa dokar saki, duka biyun, har da ta ciwo. Na ce in rana ta ɓaci ya waiga bai gan ni ba, kada ya ce Sabi'u mugu ne.

Ya kama hannuna. "Ka saki, ya waladi. Kana da yara. Na yafe maka tun yanzu, a garin Ɗakin Allah."

Saura 'yan kwanaki ayarinsu ya koma abin ya faru. Tun da hantsi na lura yana matsa hannunsa na hagu, na tambaya ya ce kwanciya ce. Muka yi azahar muka kamo hanya. Hanyar masaukinsa hawa ce mai tsayi, sai ka sa ƙirji kana turawa, ga rana ta take, kowa ya shige gida. A gindin hawan, daidai mararraba, motar askarawa na tsaye. Na sunkuyar da kai na wuce su ina motsa baki. Mun kai wajen rabi sai na ga carbinsa ya zame ya faɗi, kansa ya langaɓe gefe. Na leƙo ina riƙe da keken. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi na zuba, yana jan numfashi da ƙyar. Na kira shi bai amsa ba.

Na san abin yi, an koya mini, shi kansa ya ba ni izini. Ga lungu nan a hannun damana da na sani kamar yunwar cikina, in na shige shi ko aljani ba zai kamo ni ba. Birki ɗaya ba zai riƙe a gangaren nan ba, amma ina iya karkata keken in jingina shi da bango, in ƙwala kira, in ɓace. Sai dai titin ba kowa. Wa zai ji kiran? Kafin wani ya leƙo ta taga, ya sauko, ya nemo waya, tsohon nan ya tafi. Masu rediyon da za su kira motar asibiti nan take suna ƙasa, a mararraba, cikin motar da na fi tsana a duniya.

Jikina ya yi abin da ya saba. Na ƙage, yatsuna suka manne da hannun keken, ba gaba ba baya. Ina jin muryar Ilu, ina ganin fuskar Hauwa. Ba zan yi ƙaryar jarumta ba: ko riƙe shi nake yi ko kasa saki na yi, wallahi ban sani ba har yau. Abin da na sani, tsoho ya yi wani irin gurnani, sai na ji ƙafata ta ɗagu. Na fara saukowa da baya-baya, yadda ake saukar da mara lafiya don kada ya kife, ina tirjewa da dugadugai. Takalmina ɗaya ya fita na bar shi. Ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba: "Ya askari! Ya askari! Hajji zai mutu!"

Su biyu ne. Ƙaramin, wani dogon saurayi baƙi kamata, shi ya fara isowa da gudu, ɗayan ya kama rediyo. Muka kwantar da tsoho a inuwar mota, saurayin ya kwance masa maɓallai. Motar asibiti ba ta daɗe ba. Ma'aikatanta suka tambaya wa ke tare da shi, kamar yadda Ilu ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ce ni ne. Na faɗi sunansa da masaukinsa, na ciro musu kwalin maganinsa daga aljihun falmaran, na ce tun safe yake matsa hannun hagu. Suka ce in shigo. Saurayin askar ya shigo bayana ya ja ƙofa. Ta gilashi na hango arabiyar mahaifiyar Kawu Usman a gefen titi ba kowa a kanta.

A asibiti aka wuce da shi ciki da gudu, aka bar mu a baranda. Nan askar ya miƙo hannu ya ce igama. Na ce babu. Ya ce fasfo. Na ce babu. Ya daɗe yana kallona, da ƙafata ɗaya ba takalmi. Abokin aikinsa ya iso da mota ya ce su tafi da ni. Suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa, abokin ya ɗaga kafaɗa ya fita. Saurayin ya nuna mini benci, ya je ya kawo ruwa, ya zauna kusa da ni. Sai na ji ya ce, da wata irin Hausa mai ɗingishi:

"Zauna. Likita fito, sa'an nan."

Na dube shi baki buɗe. Ya koma Larabci ya ce kakarsa Bakatsiniya ce, ita ta raine shi, Hausar da ya sani ba ta wuce irin su "zo ka ci" da "bari mana" ba. Ya ce ba zai iya sakina ba, an riga an sanar ta rediyo, abokinsa ma ya gani. Na ce na sani. Abin mamaki, tunda abin ya riga ya faru sai na ji jikina ya saki, har hamma na yi. Muka zauna har aka kira la'asar, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa muka dawo bencin.

Likita ya fito ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, sun buɗe ta, an kawo shi a kan lokaci. Zai tashi in Allah Ya so, amma ba yau ba, an ba shi maganin barci. Na yi hamdala na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Askar ya roƙa aka bar ni na leƙa ta gilashin ƙofa. Tsoho yana kwance da robobi a hanci, ya yi ƙanƙane a gadon. 'Yan ayarinsu sun fara isowa, ba wanda ya san ni a cikinsu, na yi musu magana ba mai jin Larabcina, suka wuce ni suna ta sauri.

A nan abin ya faɗo mini. Tsohon nan a tsakiyar hawa ya suma. Zai farka ya ga fuskokin mutanensa, ya tambaya ina Sabi'u, a ce ba su san wani Sabi'u ba. Zai gyaɗa kai, don ya san doka, ni na gaya masa da bakina.

Na kama hannun askar, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a duniya. Na ce, "Don girman Allah, don darajar kakarka, in ya farka ka dawo ka gaya masa. Ka ce Sabi'u bai saki ba." Ya ce in sha Allahu. Sannan ya ce mu tafi, bai sa mini ankwa ba.

Gidan tarhil ba abin da zan ce a kansa sai jira. Babban ɗaki ne, ƙabilu iri-iri, kowa na sauraron a kira sunan ƙasarsa. Kawu Usman ya aiko mini da jallabiya da takalmi ta hannun wani, da saƙon cewa Ilu ya ɗauko arabiya, kuma wai ni jaki ne, amma Allah Ya yi mini albarka. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce ni da ƙasar sai bayan shekaru. Na sauka Kano da leda a hannu.

Abin da na daɗe ina gudu ya same ni, kuma bai kashe ni ba. Hauwa ta yi kukanta ta ɗora tukunya. 'Yan majalisa suka yi dariyarsu, ta wuce. Wani abokina ya ba ni aron keke na koma bakin kasuwa ina ɗinki.

Abin da bai wuce ba shi ne tsohon nan. Ba ni da lambarsa, ban san sunan garinsu ba, da ma kullum a dakali nake samunsa. Da zai yi fushi da ni ma da sauƙi. Amma na san shi: zai farka ya ga ba na nan, ya ce madalla, yaron ya tsira, ya ƙara sa mini albarka. Ya yafe mini abin da ban yi ba, wannan shi ke ci mini rai. So nake ya san ba a bar shi shi kaɗai a kan hanya ba.

Ko saurayin nan ya koma asibitin, ban sani ba. Aiki gare shi da yawa, kuma tsoho ba kowansa ba ne. Amma da muka shiga mota, kafin ya rufe ƙofa, ya juyo ya sake tambayata sunana.